Abin da Sanƙarau Ya Bar wa Baba

Sanƙarau ya shigo ƙauyenmu a wata bazara, zamanin Turawa na mulki, ana tsakiyar cirar albasa. Ƙauyen namu ƙarami ne, a ƙasar Bodinga yake ta wajen Dingyadi, kuma kusan kowane gida yana da lambu a fadama. Ni a lokacin sabon ango ne. Da kaka aka kawo mini matata daga Shagari. Baba ne da kansa ya hau jaki ya je ya nemo mini aurenta, domin can ne garin mahaifiyarsa, can aka yaye shi, kuma bai baro garin ba sai bayan ya fara kiwon awaki.

Ciwon da yara ya fara, sannan ya hau manya. Mutum zai tashi da ciwon kai, kafin la'asar wuya ya sage, ko sunkuyawa ba ya iyawa. Hukuma ta hana cin kasuwa, ta hana taron biki. Ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, suka kafa bukkokin zana a bayan gari, aka riƙa kai marasa lafiya can, wani malamin asibiti yana zuwa a kan keke da fararen ƙwayoyi cikin gwangwani. Sau ɗaya na ga Baturen likita. Ya zo a mota, ya zagaya bukkokin, ya yi magana da malamin asibitin, ya koma Sakkwato.

Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, kusan tare suka kwanta. Kafin a kai su bayan gari, Inna ta aika aka kira wanzamin garinmu, abokin Baba ne tun suna yara, ya zo ya yi wa Baba tsaga da ƙaho a ƙeya ko zafin zai fita. Mu muka danne shi. Wuyan nan da ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi ƙara, shi aka lanƙwasa aka tsaga. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin ihun da Baba ya yi a ranar ba. Wanzamin yana aiki yana hawaye, don shi ma abin da ya sani ke nan.

Baffa bai fito daga bukkar ba. Baba ya fito, a rame, ƙafafu kamar sillen kara, muka ɗauko shi muna ta godiya ga Allah.

Da farko mun ɗauka gajiyar ciwo ce. Zai gama cin tuwo, a ɗauke akushi, can sai ya ce yau ba za a ba shi abinci ba ne? Zai tambaye ni ko an cire albasa, in ce an cire, har an zuba a rudu, wato rumbun karan da muke ajiye ta. Ya ce madalla. Kafin in kai bakin zaure sai ya sake kirana da tambayar nan dai. Amma ya san ni, ya san Inna, ya san iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa, surorin da yake salla da su babu wadda ta ɓace masa. Abin da ya wuce tuntuni yana nan daram. Sabon abu ne ba ya zama, kuma ciwon ya haɗa da 'yan watannin da suka gabace shi ya tafi da su.

Ranar da muka tabbatar da haka, matata ce ta kawo masa fura. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar yadda suruka take yi, ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya juya wajen Inna.

"Wagga yarinya ta wane gida ta?"

Inna ta ce, "Surukarka ta, Maigida. Kai da kanka kat tai Shagari kab biɗo ta."

Ya dube ni, ya dube ta, ya yi 'yar dariya. "Yaushe anka yi wanga aure ban sani ba?"

Matata ta tashi ta shige ɗaki. Na tarar da ita tana kuka, tana cewa ko wani laifi ta yi masa. Washegari aka sake yi, jibi ma haka. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, sai ta daina kukan. Kullum da safe za ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa ko ita ɗiyar wane ce a Shagari. Shi kuwa ya san mahaifinta, ya san kakanta, sai ya hau tambayarta lafiyar mutanen da wasunsu sun rasu tun ba a haife ta ba.

Abin da ya fi mana wuya shi ne maganar Baffa. Yakan duba ƙofa ya ce, "Ina ƙanena? Ina kwance bai zo ya gaishe ni ba?" Karon farko ni na faɗa masa cewa ya rasu. Ya yi salati, ya kife kai a gwiwa ya yi kuka mai cin rai. Da hantsi ya sake tambaya, aka sake faɗa, ya sake yin kukan kamar yanzu ya fara ji, domin a wurinsa yanzun ne ya fara ji. Haka muka yi ta yi har aka fara ganin hadari a gabas.

Inna ce ta lura da abin da ya wuce mu duka. Ta ce mini in duba, labarin yana fita daga kansa da wuri, amma baƙin cikin ba ya fita. Na sa ido, na ga gaskiyarta. Ranar da aka faɗa masa rasuwar da safe, zai wuni a takure, ya ƙi abinci, ya ƙi magana. Da yamma sai ya kira ta ya ce, "Mi ya faru gidanga? Raina baƙi ƙirin, kuma ban san dalili ba." Ranar da Gwaggo, yayarsa, ta zo suka sha hira, tana fita zai manta ta zo, in an ce masa ta zo ma sai ya musa, amma zai wuni yana 'yar waƙarsa ta noma ƙasa-ƙasa, yana tsokanar kaji.

Inna ta aike ni wurin malamin da ya koya mini karatun allo, ta ce in tambaye shi ko akwai zunubi in mun daina faɗa wa Baba. Malam ya saurare ni har na gama, yana murza tasbaha. Sannan ya ce ƙarya dai kada mu yi masa, amma mun riga mun faɗa, mun sauke nauyi, kuma ba a ɗora wa kowa ya yi wa mutum ta'aziyyar mamaci ɗaya kowace safiya ba.

Daga ranar, in Baba ya tambaya, sai Inna ta ce, "Ba shi gida." Kafin ya sake wata magana sai ta ce ya ba ta labarin ranar da Baffa ya faɗa rijiyar lambu. Nan take fuskarsa za ta washe. Zai faɗi yadda Baffa, yana ɗan saurayi, ya rataya a sandar jigon ɗiban ruwa don ya nuna wa 'yan mata ƙarfi, sandar ta karye, ya fito daga rijiya da kwaɗo a cikin riga. Na ji labarin nan har na haddace inda Baba yake tsayawa ya yi dariya. Inna kuwa kullum sai ta yi dariyar tare da shi, ko da idonta ya cika da ƙwalla.

Sai maganar aski. Gashin Baba ya taru, wanzamin ya zo da zabirarsa. Baba ya gane shi tun daga nesa, ya kira shi da sunan wasan da suke kiran juna, ya tambayi iyalinsa. Amma da mutumin ya matso zai zauna kusa, sai na ga Baba yana ja da baya a kan tabarma, hannunsa ya kai ƙeya, zufa ta keto masa a goshi. Da aka buɗe zabira kuwa sai ya miƙe, mutumin da ko tashi salla sai an kama shi, ya shige cikin gida.

Na bi shi na ce, "Baba, abokinka ne fa."

Ya ce, "Na san shi. Tun muna yara na san shi, bai taɓa yi min komi ba. Amma jikina ya ƙi shi. Ka ce mai ya yi haƙuri."

Ranar ƙahon babu ita a kansa ko kaɗan. Na tambaye shi ta hanyoyi daban-daban, bai san an yi ba, ya shafa tabon ma ya ce ko ƙaya ce ta karce shi. Tsoron ne kawai ya zauna. Wanzamin ya ji ciwon abin ƙwarai. Ni na koma yi wa Baba aski da hannuna, ina yi ina yanke shi. Shi kuma mutumin bai daina zuwa ba, sai dai ya riƙa barin zabira a gida, ya zauna can bakin zaure su yi hirar da. A hankali tazarar ta riƙa raguwa. Sai da damina ta zagayo ta sake zagayowa kafin na ga sun zauna a tabarma ɗaya, amma askar dai har Baba ya bar duniya bai sake yarda ta hau kansa daga hannun mutumin ba.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Mu a ƙauye mun saba cewa kai ne ke tuna abu, zuciya ce ke so da ƙi. To ga mutum kansa ya saki, zuciyar tana riƙe, kuma tana koyon sabon abu ba tare da ta gaya masa ba. Wani lokaci nakan zauna ina kallonsa ina tunanin ko mu masu lafiya ma haka muke, muna ƙin wani muna son wani, muna kawo dalilan da muka ƙirƙira daga baya.

Akwai kuma abin da ciwon ya ɗauke wanda ban san sunan da zan ba shi ba. Baba mutum ne da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba. Bayan ciwon, ƙarfinsa ya dawo, ya yi ƙiba ma, amma ya zama ba abin da ke kiransa. Ba baƙin ciki ba ne, don in ka yi masa magana zai amsa da daɗi. Zama kawai yake yi a zaure, hannu a kan gwiwa. In na ce, "Baba, mu je gona," sai ya ce to, ya ci gaba da zama. Daminar farko ni kaɗai na noma geronmu. Maƙwabta suka fara cewa ko a nema masa taimako, wataƙila an yi masa wani abu ne.

Da rani ya shigo, lokacin dashen albasa, wata rana na dawo daga fadama da damin iri a hannu, saiwoyin da ɗanyen laka a jiki, zan kai wa wani maƙwabci da nasa ya lalace. Na biyo ta zaure na ajiye damin kusa da Baba don in sha ruwa. Sai na ga ya ɗaga kai, hancinsa yana motsi. Ya jawo damin, ya murje ganye ɗaya a yatsa, ya shinshina.

"Wa ya cire iringa tun bai ƙosa ba?"

Na ce ni ne.

"Kai dai ba ka da haƙuri. Miƙo min takalmina."

Muka tafi fadama, shi a gaba ni a baya. Da ya isa bakin rijiya ya kama igiyar jigo, ya saki guga, ya ɗago, ya juye a magudana, kamar jiya ya bari. Ya yi ta yi mini faɗa a kan yadda na ja fangali a karkace. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Washegari na ce masa mu koma, ya ce to, ya yi zamansa, bai ma san ya je ba. Matata ce ta ce in daina roƙonsa da baki. Da safe, bayan ta gaishe shi, sai ta ajiye masa ɗanyen lawashi, ganyen albasa, a gefen tabarma. Ba kullum abin yake ci ba. Amma sau da yawa, kafin ya shanye furarsa, sai ka ji yana neman takalmi.

Haka muka zauna. Ita da shi suka saba wani irin sabo mai ban mamaki. Bai taɓa riƙe sunanta ba, bai taɓa tuna cewa matata ce ba, amma ya daina yi mata fara'ar baƙo. In wata ce ta kawo fura sai ya kurɓa ya ture. In ita ce sai ya shanye, ya sa mata albarka.

Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta suka zo suka tafi da ita Shagari don ta haihu a gida, kamar yadda aka saba. Tun daga ranar Baba ya rikice. Ya riƙa tashi yana zagaya tsakar gida, ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya dawo. Ya kira Inna ya ce, "Akwai wanda ba shi gidanga."

Inna ta ce, "Wa ke nan, Maigida?"

Ya lissafo mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowa na nan. Can ya ce, "Ban sani ba. Amma akwai."

Ya rage cin abinci, ya koma zaman zaure, lawashin ma da na ajiye masa bai ko kalle shi ba. Da aka aiko cewa ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji, Inna ta ce a tafi da shi suna. Wasu dangi suka ce wahala ce kawai, ba zai san ya je ba. Inna ta ce ita ma ta san haka, a ɗaura wa jaki akumari.

Muka kama hanya da sanyin safiya, muka fita babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, muna kaucewa manyan motoci in sun taho. Duk tsawon tafiyar yana tambayata ina za mu. Amma da muka hango itatuwan Shagari sai ya daina tambaya, shi ya koma nuna mini hanya. Ya karkatar da jakin ta wani lungu, ya tsaya a ƙofar gidan da mahaifiyarsa ta girma. Wasu mutane ne a ciki yanzu, jikokin kawunsa. Ana ƙona busasshen kashin shanu a turke don korar ƙudaje, wata mata kuma tana soya man shanu. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi, sai hawaye. Ya ce mini a nan kakarsa take zaunar da shi a kan turmi ta shafa masa mai a ƙafa in ya dawo daga kiwo da kaushi. Bai taɓa ba ni wannan labari ba, ko kafin ciwon.

A gidan surukaina aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Bayan an raɗa suna, maza sun watse, aka ce mai jego ta fito ta gaida surukinta. Ta fito a hankali, wata gwaggonta na biye da ita da jariri, ta durƙusa. Tana buɗe baki za ta faɗa masa ko ita ɗiyar wane ce, kamar yadda ta saba, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya daɗe yana kallonta.

"Ban san sunanki ba, ɗiyata," ya ce, "amma kin daɗe ba ki zo ba."

Ta sunkuyar da kai. Aka miƙa masa jaririn, ya tofa masa addu'a, ya tambaya na wane ne, aka ce jikansa ne. Ranar ya ci tuwo har da neman ƙari.

Baba ya rayu shekaru bayan haka. Ya ga lokacin da motocin 'yan siyasa suka fara shigowa ƙauyuka da lasifika ana maganar Turawa za su tafi, kuma duk zuwan da suka yi sai ya tambaya bikin wa ake yi. Wata damina ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

Bayanin abin da ya same shi ban samu ba sai da na tsufa. Autata ta yi karatun likita, wata rana ta zo hutu muna zaune a tsakar gida na ba ta labarin kakanta. Ta ce a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a ƙarƙashin ɓangaren da muke tunani da lissafi da shi, akwai wasu sassa da suka yi kamar zobe, likitoci na kiransu limbik. Ɗaya daga cikinsu shi ke karɓar abin da ya faru yau ya mayar da shi abin tunawa, kuma zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa yana iya ƙona shi, tsohon ajiya ya tsira, sabo ya kasa shiga. Kusa da shi akwai wani ɗan ƙarami, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, aikinsa ya shaida abin tsoro da abin aminci, kuma yana iya ci gaba da koyo ko da maƙwabcinsa ya lalace. Ta ce abin da ke zaburar da mutum ya tashi ya nemi wani abu yana da hanyoyi ta nan, kuma ƙamshi da wari sun fi gani da ji saurin isa wurin. Ta ƙara da cewa ba za ta iya rantsewa sanƙarau ne ya yi masa haka ba, domin akwai ciwon da ke kama da shi, kuma ba wanda ya duba kan Baba a lokacin.

Na ce mata ashe duk a kai ne, har da abin da muke cewa zuciya. Ta ce haka suka karanta. Na yarda da ita, ko da yake har yau in na tuna Baba a ƙirji nake jin abin.

Sai ta tambaye ni yadda muryarsa take, don ba ta riske shi ba. Na rufe ido na yi ta ƙoƙari. Kalmominsa suna nan, na san abin da ya faɗa da inda ya faɗe shi, amma sautin ya ƙi zuwa. Na ce mata dai mutum ne mai magana a hankali, kuma yakan yi gyaran murya kafin ya kira mutum.